Minti Biyar na Magajin Gari

Shafi na 34

Masu bibiya, saƙonninku sun iso, har da na masu yi mini faɗa a kan jinkiri. Na karɓi faɗan. Waɗanda suka shigo cikinmu yau kuma, ga inda maganar ta tsaya.

Magajin Gari, mutumin da ya fara da tura baron yashi har ya mallaki tifa ɗari huɗu da benaye a kowace unguwa kafin ya nemi kujerar birnin ya samu, ya sa hannu a rushe Layin Masu Walda domin a gina tashar motoci a wurin. Shago arba'in da ɗaya ne a layin. Sau biyu ana tura katafila, sau biyu tana komawa, saboda wani tsohon mai walda da idonsa ya kusa tafiya yakan ɗauko kujerar ƙarfe ya zauna a bakin layin. Direbobin duk sun san shi, babu wanda bai taɓa yi wa gyara ba, kuma babu mai iya tunkarar sa da mota. Tsohon nan yayan Magajin Gari ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya rabon da su zauna a ɗaki guda. Jiya aka kai masa takarda cewa ƙanensa yana son ganinsa da ƙarfe tara na safe.

*

A ƙofar ginin aka karɓi wayarsa aka sa a akwati, aka ba shi lamba. Mai gadi ya nuna makullin da ke rataye a wuyansa.

"Wannan ma ƙarfe ne, Baba."

"Wannan ba ya barin wuyana. In shi zai hana ni shiga, ba ni wayata in koma."

Sakatariyar Magajin Gari ce ta ɗaga wa mai gadin hannu. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, wadda ta yi shekara ashirin tana aiki da shi tun yana kamfani. Da kanta ta sauko tarbar tsohon, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

A tsakiyar babban zauren akwai wani tsohon baro a cikin akwatin gilashi, an haska shi da fitila. Tsohon ya tsaya.

"'Yata, na ga kamar akwai rubutu a ƙasa. Karanta mini."

Ta karanta. "Da wannan na fara, ba ni da kowa sai shi."

"Sake."

Ta sake.

"To, madalla," ya ce. "Mu je."

A hawa na goma sha biyu mutane sun cika baranda, kowa da takarda a hannu, duk a tsaye. Sakatariya ta rage murya.

"Baba, ƙa'idarsa ita ce minti biyar. Akwai wani ɗan gilashi mai yashi a kan teburinsa. Idan ya kifa shi, yashin ya gama zuba, magana ta ƙare, ko da mutum yana tsakiyar kalma. Babu kujerar baƙo a ciki. Ka fara da abin da ya fi damunka."

"Ni ma ba zama na zo yi ba. Na bar abin da ba zai jira ni ba."

Ta buɗe ƙofa. Abin da ta gani ya sa ta tsaya cak. An kawo kujera mai laushi an ajiye a gaban teburin, gilashin yashin kuma yana kwance a gefensa.

Magajin Gari ya taso ya zagayo, ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Yaya."

"Auta."

"Ka rame."

"Kai kuma ka cika. Allah ya raba mana daidai."

Magajin Gari ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ya dubi sakatariya. "A kawo shayi. Kada a shigo da kowa, kada a haɗa ni da kowa."

Tsohon ya zauna a bakin kujerar, bai jingina ba.

"An ce mini minti biyar gare ni, bari in fara. Layin nan..."

"Minti biyar na baƙi ne. Kai ka goya ni a bayanka. Ka ga baron a ƙasa?"

"Na ji an karanta mini shi."

"Masu rubuta littafi ne suka sa wannan maganar. Ka san su."

"Ba maganar ce ta ba ni dariya ba. Baron ne. Shekara uku da suka wuce wasu samari masu kwat suka zo layinmu, suka ce suna neman wanda zai ƙera musu baro sabo amma ya yi kama da mai shekara arba'in. Kowa ya nuna musu shagona. Na ƙera, na jiƙa shi da ruwan gishiri kwana ashirin, na bubbuge bakinsa da guduma. Ƙafar hagu na rage ta da yatsa ɗaya, domin haka na farkon yake."

Tsohon ya ci gaba.

"Ba su san ni ba, Auta, kada ka kore su. Ina za su san ni? Ba ka da kowa sai baro."

"Na farkon ya ɓata ne."

"Bai ɓata ba. Ka sayar wa masu gwangwan ranar da ka sayi tifarka ta farko. Ina tsaye aka ɗora shi a sikeli."

Aka kawo shayi. Magajin Gari ya zuba wa yayansa da kansa, ya sa sukari cokali uku ba tare da ya tambaya ba.

"Ka ga ban manta ba."

"Likita ya hana ni tun bara. Amma bar shi, zan sha. Maganar layi."

"Yaya, ka saurare ni a matsayin mai aiki, ba a matsayin ƙane ba. Mutum miliyan biyar ne a birnin nan. Motocin haya suna lodi a tsakiyar titi. Bara gobara ta tashi a bayanku, motar kashe gobara ta kasa shiga saboda ƙarafan da kuka baza a hanya. Mutum shida suka mutu. Ni na je na tsaya a gaban iyalansu, ba kai ba."

"Mu muka fasa musu ƙofofi muka fito da sauran. Ba ka ƙirga waɗannan ba."

"Na ba ku fili."

"Na je na taka shi da ƙafata. Babu wuta."

"Za a ja."

"Masu walda arba'in da ɗaya a filin da babu wuta. Da me za mu narka ƙarfe, da numfashi?"

"Na ce za a ja."

"A ja, mu ga kwan fitila ɗaya ya kama, washegari ni zan fara ɗaukar injina a ka. Abin da na zo faɗa ke nan, kuma bai ci minti biyar ba. Wata uku muke nema. Ka ce eh ko a'a, in tafi."

Ya dafa gwiwa zai miƙe. Magajin Gari ya dafa kafaɗarsa.

"Zauna mana. Shekara goma sha ɗaya, sai ka ba ni kofi ɗaya? Ka tuna ranar da tayar baron ta fashe a bakin kogi?"

Tsohon ya koma ya zauna a hankali.

"Na tuna."

"Na zauna a kan yashi ina kuka kamar ƙaramin yaro. Washegari sai ga ka da sabuwar taya. Har yau ban san inda ka samo ta ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Yanzu na tambaya."

"Tabarau ɗina na walda na ba mai taya. Na ce zan sayi wani in abubuwa sun daidaita. Sai ka buƙaci shebur, sai ka buƙaci baro na biyu. Shekara tara na yi ina walda ina kare ido da tafin hannu."

Magajin Gari ya kalli idanun yayansa, waɗanda suka yi fari kamar an ɗiga musu madara, sannan ya kawar da kai.

"Akwai asibiti a ƙasar waje. Na yi magana da su. Gobe ma jirgi zai iya ɗaukar ka."

"Shekara ashirin da suka wuce da sun iya. Yanzu jijiyar ta mutu. Ka bar kuɗinka ya huta."

"To gida. Akwai wanda na gama ginawa kusa da na Inna."

Hannun tsohon ya kai kan makullin da ke wuyansa.

"Yaushe rabonka da Inna?"

"Duk mako mai jinya tana aiko mini da rahoto. Jiya ma ya zo. Tana cin abinci, tana barci, jininta daidai."

"Haka aka rubuta?"

"Haka aka rubuta."

"Ba rahoto na tambaye ka ba. Ƙafarka."

"Yaya, ka san aikin nan."

"Na sani. Shekara biyu."

Tsohon ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya rufe. Ya kurɓi shayin da ya huce. Magajin Gari ya yi maza ya ɗauko wata hirar: mahaifinsu da tarinsa, shekarar da ruwa ya ci gada, mai gidan bulon da ya taɓa korar su su biyu da sanda. Ya iya hira idan ya so. Har sai da tsohon ya yi dariya sau biyu, dariyar gaske, ya share ido da bakin riga.

Sau biyu kuma yana cewa, "Auta, rana tana yi, na bar abu a gida." Sau biyu ana ce masa, "Kofi ɗaya kawai."

Da sakatariya ta shigo da buta ta uku, murfin butar yana kaɗawa a kan faranti. Wanda idonsa ya tafi kunnensa yakan yi kaifi. Tsohon ya juyo inda take.

"'Yata, lafiya hannunki yake rawa?"

"Lafiya, Baba."

"Ƙarfe nawa?"

Ta dubi maigidanta. Ya girgiza mata kai kaɗan. Ta dubi ƙasa.

"Sha ɗaya saura kwata, Baba."

Tsohon ya ajiye kofin. Ya yi lissafi da yatsunsa.

"Mutum ashirin da ɗaya ke nan na cinye wa lokaci, suna tsaye a baranda. Kai da ba ka ba uwarka minti biyar ba a shekara biyu, yau ka ba ni kusan awa biyu da kujera." Ya juya fuskarsa sosai wajen ƙanensa. "Muna yara, in ka zauna kusa da ni kana ba ni labari mai daɗi, na san akwai abin da ka fasa a cikin ɗaki. Auta, me ake yi a layina?"

Magajin Gari ya tashi ya koma bayan teburinsa. Da ya zauna, muryar da ta fito ba ta ƙane ba ce.

"An fara rushewa tun tara da kwata."

Ya ci gaba.

"Katafila biyu. Na kawo direbobi daga wani gari, amma ko su na san in suka ga tsoho makaho a kan kujera za su yi nauyin hannu, mutanenka kuma za su taru a bayanka, a yi jifa, a yi harbi. Da ba ka nan, sun fita salin alin. 'Yan sanda sun kai kowa bayan igiya, can bakin titi. Ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba. Na cece ka ne, Yaya, na ceci mutanenka. Yau za ka tsine mini, nan da shekara biyar ka hau mota a tashar."

"Takardarku ta ce ƙarshen wata."

"Takarda ta ce kafin ƙarshen wata."

"Hirar bakin kogin fa? Ita ma cikin aikin take?"

Magajin Gari ya kawar da kai.

"Asibitin fa?"

"Wannan da gaske nake."

"Sukarin?"

"Yaya."

Tsohon ya miƙe tsaye. Hannunsa ya damƙe makullin har igiyar ta shiga fatar wuyansa. Maganarsa ta fito a hankali, kamar mai tsoron amsar.

"Sun shiga kowane shago sun duba?"

"Akwai tsari. Shagon da ke buɗe, a fito da mutane da abin da za su iya ɗauka. Shagon da aka sa wa kwado daga waje, mai shi ya fita ke nan, babu kowa, a wuce ta kansa. Haka nake yi tun ina kamfani, ban taɓa samun matsala ba. Injinka da kayan aikinka zan saya maka sababbi, waɗanda suka fi..."

"Kwado daga waje."

"Eh."

"Inna tana ciki."

Butar ta kuɓuce daga hannun sakatariya ta faɗi a kan darduma.

"Inna tana gidanta," in ji Magajin Gari. "Jiya rahoto..."

"Kwananta tara a ɗakin bayan shagona, ɗakin da ta haife mu. Ta fito daga gidan da ka ajiye ta, ta tari mota ita kaɗai, ta biyo ta lungun baya. Ta ce ɗakuna bakwai ne a can kuma babu mai amsa mata in ta yi magana. Mai jinyarka tana tsoron kora, shi ya sa take rubuta maka cewa jini daidai."

"Ƙarya ne."

"Ta kama hannuna ta sa na yi rantsuwa ba zan gaya wa kowa ba, ko maƙwabcina, domin ta san kana da kunnuwa a layin, za ka aiko mota a mayar da ita. Hankalinta yana zuwa yana tafiya. In ya tafi, sai ta fita titi da kwano tana neman Auta, wai ya je ɗiban yashi bai karya ba. Shekaranjiya babur ya kusa kaɗe ta a lungu. Shi ya sa in zan fita nake kulle ta."

"Za ta ji ƙara. Za ta buga ƙofa."

"Yaushe rabonka da ita, Auta? Kunnenta ya tafi tun bara. Bayan ta karya takan koma ta kwanta."

Magajin Gari ya fizgo wayar teburinsa. Yatsansa ya kuskure lamba sau biyu. Ya kira injiniyan aikin, wayar a kashe. Ya kira mataimakinsa, a kashe. Ya kira shugaban 'yan sandan da ke wurin.

"Me ya sa babu mai ɗauka? Ke, me ya sa babu mai ɗauka?"

Sakatariya ta amsa.

"Ranka ya daɗe, kai ka ba da umarni. Ka ce wancan karon waya ce ta ɓata aiki, wannan ya kira wancan ana roƙo. Ka ce a tattara wayoyin kowa a kulle a mota, har ta injiniya, har ta 'yan sanda, kada a buɗe sai an gama. Ka ce ko wani ya zo ya ce kai ka aiko shi, kada su tsaya."

"A fito da mota."

"An rufe titunan da ke zagaye da layin tun takwas. Shi ma a takardar yake."

"A samo babur. A samo kowa. Ki gaya wa na baranda, duk mai ɗan'uwa a kusa da wurin ya kira shi."

Ta leƙa ta yi wa na waje magana, aka ji takun gudu. Amma wayoyin mutanen baranda duk suna ƙasa a cikin akwatin mai gadi, hawa goma sha biyu.

Tsohon ya lalubo hanya har ya kai jikin babbar tagar. Gilashinta mai kauri ne, ko ƙarar mota ɗaya ba ta shigowa. Ya manna goshinsa a jiki. Bai ga komai ba sai haske.

"'Yata, zo ki ara mini ido. Ana hango layin daga nan?"

"Ana hangowa, Baba."

"Ta ina suka fara?"

"Ta bakin titi. Sun yi nisa."

"Shagona shi ne na talatin da tara. Akwai tankin ruwa shuɗi a kan rufin, na ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe dogaye. Ki duba da kyau."

Ta kare ido da hannu.

"Na gan shi. Yana tsaye."

"Rufi nawa ne tsakaninsa da su?"

Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Biyu."

"Kowane rufi yana ɗaukar su minti nawa?"

Magajin Gari ne ya amsa, wayar tana kunnensa tana ta faɗa masa cewa a kashe take, domin shi ya tsara aikin kuma lissafi bai taɓa kuɓuce masa ba.

"Biyu da rabi."

Tsohon ya juyo. A hanyarsa ta neman ƙofa ya ci karo da teburin, hannunsa ya faɗa kan gilashin yashin da ke kwance tun safe. Ya ɗaga shi ya tsayar a gaban ƙanensa. Yashin ya fara zuba.

"Da safe, kafin in sa kwadon, ta ce in na gan ka in tambaye ka ko ka ci abinci."

Ya fita yana dafa bango, yana tambayar mutanen baranda ina matakala take.

Magajin Gari ya bi bayansa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Bai kai ƙofa ba muryar sakatariya ta same shi daga jikin taga.

"Ranka ya daɗe, saura rufi ɗaya."